Tsare Tashoshin Lantarki da Bututun Mai Daga Masu Kutse ta Kwamfuta

GABATARWA

Duk wanda ya taɓa jinya a asibiti wuta ta ɗauke cikin dare, ko ya ga mai sayar da kifi yana zubar da hajarsa don firji ya mutu, ba ya bukatar a gaya masa amfanin wutar lantarki. A cikin watan Oktoba na 2024 yawancin jihohin Arewa sun yi fiye da mako guda cikin duhu, bayan an lalata babban layin da ya taso daga Shiroro zuwa Kaduna, sa'an nan layin da yake kawo wuta daga Ugwuaji ta wajen Makurɗi shi ma ya tsaya. Masu niƙa da masu walda da teloli kowa ya ji a jikinsa.

Ɓarnar da aka yi wa layin Shiroro ɓarna ce ta hannu. Amma akwai wata irin ɓarna wadda ba ta bukatar tsani ko zarto. Mai yin ta yana iya zama a ɗakinsa a wata ƙasa mai nisan dubban mil, ya shiga kwamfutocin da suke sarrafa tashar lantarki, ya kashe wutar gari ɗungum. An riga an yi haka a wasu ƙasashe. Manufar wannan ɗan littafi ita ce a bayyana wa mai karatu yadda abin yake faruwa, da binciken da masana suke yi domin hana shi, da kuma abin da ya rataya a wuyan kowa.

1. YADDA WUTA TAKE ZUWA GIDANKA

Wutar da take haskaka ɗakinka ana samar da ita ne a manyan tashoshi. Waɗansu suna aiki da ƙarfin ruwa, kamar Kainji wadda aka gama a 1968, da Jebba ta 1985, da Shiroro ta 1990. Waɗansu kuwa iskar gas suke ƙonawa, kamar Egbin ta jihar Legas mai ƙarfin megawat 1,320. Daga tashoshin nan manyan layuka masu ƙarfin kilobolt 330 da 132 suke ɗaukar wutar zuwa sassan ƙasa, taransifoma ta rage ƙarfinta mataki mataki, har ta iso unguwa.

Akwai wani abu guda da ya kamata mai karatu ya riƙe. Layin lantarki ba rumbu ba ne. Abin da tashoshi suke samarwa tilas ne ya yi daidai da abin da jama'a suke sha a wannan lokaci. Har wa yau, dukan janaretocin da suke kan layi ɗaya tilas su yi tafiya bai ɗaya, watau bugu 50 cikin kowane sakan. Misalinsu kamar mata ne masu lugude a turmi guda. Muddin kowace ta riƙe lokacinta, daka yana tafiya. Da zarar ɗaya ta kuskure, sai taɓare su haɗu, wataƙila har a ji wa wata ciwo.

To, wa yake kula da wannan lugude? Cibiyar kula da babban layin ƙasar nan tana Oshogbo. A irin wannan cibiya injiniyoyi suna zaune gaban allunan kwamfuta dare da rana. Na'urorin awo da aka dasa a tashoshi suna aiko musu da labarin ƙarfin wuta, su kuma suna aika umurni a buɗe makatsin wuta kaza ko a rufe shi. Wannan tsari na gani daga nesa da ba da umurni daga nesa shi ne injiniyoyi suke kira SCADA. Irinsa ne ake amfani da shi a bututun mai da na gas da matatun mai da gidajen ruwa. Saboda haka wanda duk ya ƙwace wannan tsari, ya ƙwace idon injiniya da hannunsa gaba ɗaya.

2. INA ƁARAKAR TAKE?

Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga. Tsagar wannan bango iri uku ce.

Ta farko tsufan harshen da na'urorin suke magana da shi. Ɗaya daga cikin harsunan da suka fi yaɗuwa, mai suna Modbus, an ƙirƙiro shi tun 1979, lokacin da ba wanda ya zaci baƙo zai kai ga wayar da take cikin tasha. Saboda haka ba a sa masa hanyar tantance mai ba da umurni ba. In saƙo ya zo ya ce a buɗe makatsi, na'ura za ta buɗe, ba za ta tambayi wanda ya aiko ba.

Ta biyu haɗa hanyoyi. A dā kwamfutocin tasha a keɓe suke. Yanzu kuwa, don sauƙin aiki da rage kuɗi, an haɗa su da kwamfutocin ofis, na ofis kuma suna haɗe da intanet. Kamfanin da ya sayar da inji yakan nemi a buɗe masa ƙofa domin ya duba lafiyar injin daga ƙasarsa. Kowace ƙofa da aka buɗe wa mai gyara, ɓarawo ma yana iya samunta.

Ta uku daɗewar kayan aiki. Wayar hannu takan yi shekara uku ko huɗu a sake ta, amma na'urar tasha takan yi shekara 20 ko 30 tana aiki. Ko da an gano aibi a cikinta, ba a iya kashe tasha kowane mako don a yi mata gyara, domin kashe ta yana nufin jefa gari cikin duhu. Ke nan aibin da kowa ya sani yakan daɗe ba a toshe shi ba.

3. ABIN DA YA RIGA YA FARU

Kada mai karatu ya ɗauka tsoratarwa ce kawai. Ga kaɗan daga abubuwan da suka auku.

A watan Maris na 2007 masu bincike a Cibiyar Bincike ta Ƙasa da take Idaho a Amurka suka yi wani gwaji da aka sa wa suna Aurora. Suka kawo janareta mai shan dizal, mai ƙarfin fiye da megawat 2, suka haɗa shi da layin gwaji. Sa'an nan ta hanyar kwamfuta suka riƙa buɗe makatsinsa suna rufewa da sauri, yadda duk lokacin da ya komo kan layi sai ya tarar ya saɓa wa lugude. Cikin 'yan mintoci injin ya kama jijjiga, ya yi hayaƙi, ya lalace. Gwajin nan ya tabbatar cewa rubutun kwamfuta yana iya karya ƙarfe.

A 2010 aka gano muguwar manhajar nan Stuxnet. An ƙera ta ne musamman domin na'urorin kamfanin Siemens da suke sarrafa injunan tace yuraniyom a Natanz ta ƙasar Iran. Takan sauya saurin juyawar injunan har su lalace, alhali tana nuna wa ma'aikata awo na ƙarya cewa kome lafiya. An ƙiyasta injuna kusan 1,000 suka lalace. Tana yaɗuwa ta filash da ake sokawa a kwamfuta, watau ko wurin da ba ya haɗe da intanet bai tsira ba. Jaridu da masu bincike da yawa sun danganta ƙera ta ga Amurka da Isra'ila.

Ran 23 ga Disamba, 2015, a tsakiyar hunturu, aka kashe wa masu amfani da lantarki kimanin 225,000 wuta a ƙasar Yukiren. Watanni kafin nan an aika wa ma'aikatan kamfanonin rarraba wuta imel ɗauke da takardu masu guba. Da aka buɗe su, masu kutse suka sami shiga, suka zauna shiru suna koyon yadda ake aiki, suna satar kalmomin sirri. Ranar da suka tashi, injiniyoyi suna kallo kibiyar kwamfuta tana tafiya da kanta tana buɗe makatsan wuta ɗaya bayan ɗaya. Maharan suka goge kwamfutoci, suka lalata na'urorin sadarwa na tashoshi, suka kuma cika layin tarho da kira don kada jama'a su kai ƙara. Abin da ya ceci ƙasar shi ne ma'aikata sun shiga mota sun je tashoshin sun rufe makatsan da hannu, wuta ta komo cikin sa'a 1 zuwa 6. A Disamba na 2016 aka sake kai hari kan wata babbar tasha a arewacin birnin Kiyef da wata manhaja mai suna Industroyer, wadda ta iya harshen na'urorin tasha da kanta. Wuta ta ɗauke kamar sa'a guda. A 2020 Amurka ta tuhumi jami'an leƙen asirin sojan Rasha shida da hannu a waɗannan hare-hare.

A 2017 aka kai hari kan wata masana'antar sarrafa man fetur a Saudiyya da manhajar Triton. Wannan ta fi tayar wa masana hankali, domin abin da ta nufa shi ne na'urar ceton rai, watau wadda take kashe masana'anta in zafi ko matsin gas ya wuce kima. An yi sa'a na'urar ta ji an taɓa ta, ta kashe masana'antar, asirin maharan ya tonu.

A nahiyarmu ma an gani. A Yuli na 2019 masu garkuwa da bayanai suka kulle kwamfutocin City Power, kamfanin lantarki na birnin Johannesburg a Afirka ta Kudu, har masu mitar kati da yawa suka kasa sayen wuta.

A watan Mayu na 2021 kuma aka kulle kwamfutocin ofis na kamfanin Colonial Pipeline, mai bututun da ya kai mil 5,500, wanda yake kai kusan kashi 45 cikin 100 na man da gabashin Amurka yake sha. Kamfanin ya rufe bututun kwana biyar, gidajen mai suka ƙafe, ya biya fansa ta kimanin dala miliyan 4.4. Ta ina aka shiga? Ta wani tsohon asusu da aka daina amfani da shi ba a rufe ba, wanda kalmar sirri guda ce kaɗai take tsaronsa.

4. AIKIN MASU BINCIKE

Likita ba ya jiran annoba ta shigo gari kafin ya nemi sanin ƙwayar cuta. Haka masu binciken tsaron makamashi. Ga manyan fannonin aikinsu.

(a) Filin gwaji. Ba a gwada hari a kan layin da yake ba asibiti wuta. Saboda haka akan gina ƙaramin layi na musamman, da taransifoma da makatsai na gaske, ko a kwaikwayi babban layi cikin kwamfuta a haɗa shi da na'urori na gaske. Amurka ta kafa irin wannan fili tun 2003 a cibiyoyin Idaho da Sandia. A nan ake ba masana izini su kai hari iyakar iyawarsu. In sun gano aibi, sai a sanar da kamfanin da ya ƙera na'urar a asirce, a ba shi lokaci ya gyara, kafin a bayyana wa duniya.

(b) Feɗe muguwar manhaja. In an kama manhajar hari, akan warware ta layi layi don a san abin da aka ƙera ta ta yi. Wani masani Bajamushe, Ralph Langner, yana cikin waɗanda suka gano inda Stuxnet ta dosa. A 2017 kamfanonin ESET da Dragos suka bayyana yadda Industroyer take aiki. Amfanin wannan ya fito fili a Afrilu na 2022, lokacin da aka aiko wa Yukiren sabon samfurinta, jami'an tsaron kwamfuta na ƙasar tare da ESET suka gane ta suka tare ta kafin ta yi ɓarnar da aka nufa. Daga irin wannan bincike cibiyar MITRE ta fitar da jerin dabarun masu kai wa masana'antu hari a 2020, wanda masu tsaro suke dubawa su ga wace ƙofa suka bari a buɗe.

(c) Tarko. Masu bincike sukan ɗora kwamfuta a intanet su shirya ta ta yi kama da tashar lantarki ko gidan ruwa, alhali ba ta haɗe da kome. Duk wanda ya shiga, ana rubuta abin da ya taɓa da inda ya fito. Ta haka ake sanin sababbin dabaru ba tare da an yi hasara ba.

(d) Gane ƙarya cikin awo. Injiniya da awo yake yanke shawara. A 2009 waɗansu masana uku a jihar North Carolina ta Amurka suka nuna da lissafi cewa wanda ya san tsarin layi yana iya sauya awon na'urori da yawa a tare, yadda ƙaryar za ta dace da juna, kwamfutar cibiya ta karɓa ba ta yi zargi ba. Tun daga nan ake neman magani. Wata hanya ita ce a gwada awo da dokokin lantarki da ba sa canzawa, domin wutar da ta shiga mahaɗa tilas ta yi daidai da wadda ta fita. Wata kuma a koya wa kwamfuta yadda saƙonnin tasha suke a ranar lafiya. Na'urorin tasha abu ɗaya suke maimaitawa kullum, don haka baƙon umurni da ƙarfe biyu na dare yana da saurin ganewa.

(e) Hatimi a kan umurni. Tun da tsofaffin harsuna ba sa tambayar mai aiko da saƙo, an tsara ƙa'idodi na duniya, kamar IEC 62351 da IEC 62443, don a sa wa kowane umurni hatimin sirri, a kuma raba tasha ɗaki ɗaki yadda wanda ya shiga zaure ba zai wuce cikin gida ba. Wahalar ita ce lokaci. Akwai saƙonnin kariya da tilas su isa cikin 'yan ɓangarori na dubu na sakan, kuma tsohuwar na'ura ba ta da ƙarfin lissafin hatimi da wannan sauri. Neman hatimi mai ƙarfi kuma mara nauyi yana cikin abin da ake bincike a kai. Akwai kuma na'urar da take barin labari ya fita daga tasha amma ba ta barin kome ya shiga, wadda ake amfani da ita a tashoshin nukiliya.

Mai karatu ma yana da misalin hatimi a gidansa in yana da mitar kati. Lambobi 20 da yake saye saƙo ne a kulle, wanda mitarsa kaɗai take iya buɗewa, kuma sau ɗaya yake aiki. Lissafin lokacin da yake cikin lambobin ya fara ne daga 1993, ya cika ran 24 ga Nuwamba, 2024, shi ya sa kamfanonin rarraba wuta suka nemi jama'a su sabunta mitocinsu kafin ranar.

(f) Riƙe hannu. Darasin Yukiren shi ne ƙasar ta farfaɗo da wuri domin ma'aikatanta ba su manta da aikin hannu ba. Cibiyar Idaho ta fito da wata hanya wadda take farawa da tambaya guda: wace ɓarna ce in ta auku ba za a iya jurewa ba? In an san ta, sai a sa mata kariya wadda kwamfuta ba ta da iko a kanta, kamar bawul mai buɗewa da matsin gas, ko makatsi irin na dā. A ƙarshen 2019 majalisar Amurka ta yi doka a gwada irin wannan a layin lantarkinta. Dalilin da ya sa abin yake da nauyi shi ne babbar taransifoma ba kayan kanti ba ce. In ta ƙone, ƙera wata da kawo ta yakan ɗauki fiye da shekara.

(g) Atisaye. Tun 2011 kamfanonin lantarki na Amurka da Kanada suke yin wani atisaye mai suna GridEx duk bayan shekara biyu, inda ake ƙaddara an kai hari, a ga wa zai kira wa, wa zai ba da umurni in tarho da intanet sun mutu. Hukumar binciken soja ta Amurka, DARPA, ita ma ta yi gwaje-gwaje a tsibirin Plum kusa da New York kan yadda za a ta da layin da ya mutu ɗungum alhali maharan suna cikin kwamfutocinsa.

(h) Sababbin ƙofofi. Kayan zamani suna kawo nasu hatsarin. A 2018 masana a Jami'ar Princeton suka nuna cewa in mutum ya ƙwace dubban na'urorin sanyaya ɗaki da na dafa ruwa masu haɗe da intanet, ya kunna su ko ya kashe su lokaci ɗaya, yana iya rikita layi ba tare da ya taɓa tasha ba. A Fabrairu na 2022 kuma harin da aka kai wa sadarwar tauraron ɗan adam na kamfanin Viasat ya raba injunan iska kimanin 5,800 a Jamus da masu lura da su daga nesa. Na'urorin hasken rana da batura da mitoci masu aika labari da kansu duk suna cikin abin da ake dubawa yanzu.

5. INA NIJERIYA TA TSAYA?

Dalilan da hukumomi suke bayarwa na yawan durƙushewar babban layin ƙasar nan su ne ƙarancin gas, da tsufan kayan aiki, da ɓarnar turaku, da rashin daidaito tsakanin abin da ake samarwa da abin da ake sha. Wani zai ce, to mu da muke fama da waɗannan, ina ruwanmu da masu kutse? Amsa ita ce maganin waɗancan matsaloli shi ne yake kawo wannan. Shekaru da yawa tsarin SCADA na ƙasar nan bai game dukan tashoshi ba, kuma an ɗauki aikin kafa sabo da tallafin Bankin Duniya. Mitocin kati suna ƙaruwa, sayen wuta ya koma ta waya da banki. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan ci gaba ne, kowane ɗaya kuma sabuwar ƙofa ce. Sa ƙyaure lokacin gini ya fi sauƙi da araha bisa ga fasa bango daga baya.

Daɗin daɗawa, layinmu bai tsaya a kan iyaka ba. Wuta tana tafiya daga Birnin Kebbi zuwa Yamai, tana kuma zuwa Binin da Togo. Ƙasashen ECOWAS sun kafa tsarin haɗa layukansu tun 1999, kuma a 2023 aka buɗe cibiyar daidaita shi a Kalabi ta Jamhuriyar Binin. Ɓaraka a ƙasa ɗaya tana iya taɓa maƙwabta.

Ta fuskar doka, Dokar Laifuffukan Intanet ta 2015 ta ba Shugaban Ƙasa ikon ayyana waɗansu tsare-tsaren kwamfuta a matsayin muhimman kadarorin ƙasa. Wanda ya kai musu hari yana iya shan ɗauri har shekara 10, in an ji wa wani mummunan rauni har shekara 15, in an rasa rai kuwa ɗaurin rai da rai. Gyaran da aka yi wa dokar a 2024 ya wajabta a kai rahoton hari cikin sa'a 72. Manufar tsaron intanet ta ƙasa, wadda aka fitar a 2014 aka sabunta a 2021, ta lissafa fannoni 13 masu muhimmanci, lantarki da makamashi suna ciki. Rundunar ɗaukin gaggawa ta kwamfuta, ngCERT, tana ƙarƙashin Ofishin Mai Ba da Shawara kan Tsaron Ƙasa.

Amma doka ita kaɗai ba ta gane baƙon umurni a waya. Ana bukatar mutanen da suka haɗa ilmi biyu, na lantarki da na kwamfuta, kuma irinsu kaɗan ne a duniya duka. Wannan aiki ne da jami'o'i da kwalejojin fasaha suke iya shiga ba da tsada mai yawa ba, domin ƙaramin filin gwaji yana farawa da 'yan na'urori da manhajar kwaikwayo. Wanda ya san layinmu da halinsa shi zai fi iya tsare shi.

6. ABIN DA AKE BUKATA DAGA KOWA

Ga ma'aikatan lantarki da mai da gas:

(i) Kada ka buɗe takardar da ta zo ta imel in ba ka tabbatar da wanda ya aiko ba. Harin Yukiren da haka ya fara.

(ii) Kada ka soka filash ko ka yi cajin wayarka a kwamfutar ɗakin sarrafa tasha.

(iii) Kada ka ba abokin aiki kalmar sirrinka, kada kuma ka rubuta ta ka manna a jikin allo.

(iv) In ka ga kwamfuta tana abin da ba ka umurce ta ba, ko ka san ka yi kuskure, ka faɗa nan take. Ɓoye kuskure ya fi kuskuren illa.

Ga shugabannin kamfanoni da hukumomi:

(i) A rubuta kowace na'ura da kowace ƙofar shiga daga nesa. Ba a tsaron abin da ba a san da shi ba.

(ii) A raba kwamfutocin ofis da na tasha, a sa shaida biyu ga mai shiga daga nesa, a rufe asusun duk wanda ya bar aiki a ranar da ya bari. Da ɗan gari akan ci gari.

(iii) A ajiye kwafin bayanai a wurin da ba ya haɗe da kome, a riƙa gwada aikin hannu a kai a kai.

(iv) A sa sharuɗɗan tsaro cikin takardar kwangila tun kafin a sayi kaya, a kuma canza kalmar sirrin da na'ura ta zo da ita daga kamfani.

Ga sauran jama'a:

(i) A sayi katin wuta ta hanyoyin da kamfanin rarraba wuta ya amince da su kaɗai. Kada a ba kowa lambar sirrin banki da sunan za a gyara mita.

(ii) Mai na'urar hasken rana ko wani inji da ake sarrafawa ta waya ya canza kalmar sirrin da ta zo da shi.

(iii) In an ga baƙi suna taɓa taransifoma ko turaku ko wayoyin sadarwa na tasha, a sanar da mai unguwa ko 'yan sanda ko ofishin lantarki mafi kusa.

KAMMALAWA

In an duba hare-haren da aka ambata a sama, za a ga ƙofofin da aka fi shiga ta cikinsu ƙanana ne: takarda a imel, filash a aljihu, tsohon asusu da aka manta. Za a kuma ga abin da ya rage ɓarna a Yukiren da Saudiyya shiri ne da aka yi tun kafin ranar, watau ma'aikatan da suka iya aikin hannu da na'urar da ta kashe masana'anta da ta ji baƙon hannu. Masu bincike suna gano ɓaraka su nuna maganinta, amma toshe ta yana hannun injiniya da akawu da manaja da mai mita. In gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. Wanda ya karanta wannan ɗan littafi ya miƙa wa na kusa da shi, wanda bai iya karatu ba kuma a karanta masa.